Inshorar lafiya ta zama tilas a Najeriya, amma wa zai biya wa talaka?

A ranar 19 ga Mayun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta wajabta wa kowane ɗan Najeriya shiga inshorar lafiya. A Nuwamban 2024 kuma Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ba da sanarwar cewa matan da ba su da hali za a riƙa yi musu tiyatar haihuwa kyauta. Duk da haka, magidancin da ya kai matarsa asibitin gwamnati da daddare, da wuya ya fito bai sa hannu a aljihu ba. Shi ya sa mutane ke ta tambaya: dokar ce ba ta fara aiki ba, ko ma'aikatan asibiti ne ke yin sama da faɗi, ko kuwa dama can romon baka ne? Kowacce daga cikin ukun nan tana iya faruwa a wani wuri, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Maganar tana kan hanyar da kuɗi ke bi kafin su isa ɗakin magani, da wuraren da suke maƙalewa.

Kalmomin da ake cakuɗawa

Biya daga aljihu shi ne abin da kowa ya sani: ka yanki kati, ka biya gwaji, ka sayo magani, duk a ranar da ciwon ya zo. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa sama da kashi 70 cikin 100 na duk kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya ta wannan hanya suke fita, kuma ƙasashen da suka kai haka a duniya ƙalilan ne.

Inshora ita ce kishiyar wannan. Ana tara kuɗi tun mutum yana da lafiya, a haɗa na mutane da yawa a asusu ɗaya, wanda ciwo ya kama a yi masa magani daga ciki. Ta yi kama da adashi, sai dai a adashi kowa kwasarsa yake jira, a nan kuwa wanda bai yi ciwo ba babu abin da zai ɗauka, kuɗinsa ya yi wa wani amfani. Wannan bambanci ne ya sa wasu malamai suka yi ɗari-ɗari da kalmar inshora, saboda batun garari, wato sayen abin da ba a san ko za a samu ba. Jihohin Arewa da dama sun gina nasu tsarin a kan taimakon juna suka kira shi taimakekeniya, kamar hukumar KSCHMA ta Kano da aka yi wa doka a 2016 da KADCHMA ta Kaduna.

Kalmar kyauta ita ta fi kowacce jawo rigima. Babu maganin da yake kyauta a haƙiƙa. Abin da ake nufi shi ne marar lafiya ba zai biya a bakin taga ba, wani ne zai biya a madadinsa, galibi gwamnati daga haraji. Idan wannan wanin bai biya ba, ko ya biya a makare, kyautar takan tsaya a ganin likita, a miƙa wa mutum takarda a ce ya je ya sayo a waje.

Shi kansa talaucin awo biyu ake yi masa. A binciken 2018 zuwa 2019, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ɗauki wanda abin da yake kashewa a shekara bai kai naira 137,430 ba a matsayin talaka, ta samu kashi 40 na jama'a, kimanin mutum miliyan 83. A Nuwamban 2022 ta fitar da wani awon da bai tsaya kan kuɗi ba, ya duba abinci da ruwan sha da makarantar yara da nisan asibiti da irin makamashin girki. A nan adadin ya haura zuwa miliyan 133, kashi 63 ke nan, kuma miliyan 86 daga ciki a Arewa suke. Sakkwato ce ta fi kowace jiha da kashi 91, Ondo ta zo ƙarshe da kashi 27. Wanne awo aka ɗauka ba ƙaramar magana ba ce, domin tazarar mutum miliyan 50 ce a lissafin waɗanda gwamnati za ta ɗauki nauyinsu.

Dare ɗaya na naƙuda

A ɗauki misalin gida a wani ƙauye da ke da tafiyar awa guda zuwa hedikwatar ƙaramar hukuma. Naƙuda ta fara da la'asar. Ungozoma tana nan, an ba da rubutu, an jira. Jiran nan ba jahilci kaɗai ke kawo shi ba. Mai gida yana lissafi ne a ransa, ya san da zarar an fita da ita, akuyar da ke ɗaure a turke ta tafi. Sai bayan isha'i, da jini ya ɓalle, ake aika yaro ya taso mai mota, shi ma ya ce sai an ba shi kuɗin mai na zuwa da dawowa. In yankin na fama da 'yan bindiga, yana iya cewa sai gari ya waye.

An isa asibitin sha-ka-tafi na mazaɓa, a tarar da ma'aikaciya ɗaya da fitilar waya, ta duba ta ce wannan ya fi ƙarfinta, a wuce babban asibiti. Can kuma a ce tiyata za a yi, kuma a ce kyauta ce. Amma sai an samo jini, wanda ke nufin a kawo 'yan'uwa su bayar, a biya kuɗin leda da gwaji. Safar hannu da ruwan ƙari da zaren ɗinki sun ƙare a sito, ga takarda, kemis yana bakin ƙofa. Bayan an fito lafiya akwai kwanakin jinya: abincin mai jego da na mai jinya, da gonar da aka bari ba noma idan damina ce.

A duk wannan lissafin, kuɗin aikin likita, wanda shi ne aka yafe, kashi ɗaya ne kawai. Masana lafiyar mata suna kiran abin da ya faru jinkiri uku: jinkirin yanke shawarar tafiya, jinkirin isa, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 39 na haihuwa ne kawai ake yi a asibiti a Najeriya, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 16. Ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ce mata kimanin 82,000 ne suka rasu a Najeriya a wannan shekarar sanadin ciki ko haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya.

Idan kuɗin jinya ya cinye fiye da kashi 10 na duk abin da gida ke kashewa, ma'aunin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta daɗe tana amfani da shi ya lissafa shi a matsayin kashe kuɗin da ke karya gida. A ƙauye ba a buƙatar ma'auni, ana ganinsa a jinginar gona, da sayar da hatsi tun yana sabo da araha, da cire yaro daga makaranta.

Yadda aka zo nan

Dattawa suna tuna lokacin da ake zuwa asibitin gwamnati da kwalba a cika wa mutum magani ba ko sisi. Hakan ya faru, sai dai asibitocin kaɗan ne, jama'ar ma ba ta kai ta yau ba, kuma kuɗin fetur na shekarun 1970 yana shigowa. Da farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, bashi ya taru wa ƙasashen Afirka, sai Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni suka gindaya sharaɗin tsuke bakin aljihu. Najeriya ta shiga nata shirin tsuke bakin aljihun, wato SAP, a 1986 zamanin Janar Babangida. A 1987 Bankin Duniya ya fitar da rahoton da ya ba da shawarar a riƙa karɓar kuɗi a hannun marasa lafiya a asibitocin gwamnati.

A wannan shekarar dai ministocin lafiya na Afirka suka amince da Shirin Bamako, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka tsaya wa. Dabarar ita ce a zuba wa ƙaramin asibiti jarin magani, ya sayar da 'yar riba, ya sake sarowa, kada sito ya bushe. A wurare da yawa magani ya samu. An ce za a yafe wa marasa hali, amma ba a ware kuɗin yafewar ba, kuma asibitin da ke rayuwa da ciniki ba ya marmarin yafewa. Wannan giɓi shi ne har yau ake ƙoƙarin cikewa.

A Afrilun 2001 shugabannin Afirka suka hallara a Abuja suka yi alƙawarin ware wa lafiya aƙalla kashi 15 na kasafin kuɗinsu. Ƙasashe ƙalilan ne suka taɓa cika shi. Gwamnatin Tarayyar Najeriya, mai masaukin baƙi, galibi tsakanin kashi 4 da 6 take yawo. Tsohuwar hukumar inshora ta NHIS, wadda aka yi wa doka a 1999 ta fara aiki a 2005, shigarta ganin dama ne, don haka ta ƙare kusan a kan ma'aikatan tarayya da na manyan kamfanoni.

Sai kuma abin da ya faru daga 2023. An cire tallafin fetur a 29 ga Mayu, aka saki naira a kasuwa a Yuni, dalar da ake samu wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024. Ƙasar da mafi yawan magungunanta daga waje suke, irin su Indiya da Sin, nan take ta ji a jika. Kamfanin magunguna na GSK ya sanar da janye harkarsa ta kai tsaye daga Najeriya a Agustan 2023, takwaransa Sanofi ya biyo baya. Masu hawan jini da ciwon suga da asma da sikila, waɗanda maganinsu na kullum ne, su suka fi shan wahala. A Yunin 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a umarnin cire harajin shigo da kayan haɗa magani, matakin da ke rage wa masana'antu nauyi amma ba ya saurin isa kantin unguwa.

Abin da dokokin biyu suka ce

Dokoki biyu ne, kuma sau da yawa ana ɗaukar su ɗaya. Ta farko ita ce Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu. Ita ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, BHCPF, ta ce a zuba masa aƙalla kashi 1 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya. Yadda dokar ta raba shi: rabi a biya wa jama'a kulawar farko ta hanyar inshora, kashi 45 ya tafi ga ƙananan asibitoci don magani da gyara da ma'aikata, kashi 5 na agajin gaggawa. Sai a kasafin 2018 aka fara saka kuɗin, naira biliyan 55. An tsara a fara da asibiti ɗaya a kowace mazaɓa, kimanin 8,800, gwamnatin Tinubu kuma ta ce za ta ninka su zuwa 17,600.

Akwai wani sashe na wannan doka da mutane da yawa ba su san da shi ba. Sashe na 20 ya haramta wa kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin karɓar wanda ke buƙatar taimakon gaggawa, kowane irin dalili ne, kuma hukuncin tarar naira 100,000 ne ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Masu asibitocin kuɗi suna cewa dokar ta ɗora musu nauyi ba ta nuna musu ƙofar da za su karɓi haƙƙinsu cikin sauƙi ba, shi ya sa al'adar a ajiye wani abu tukuna ta ƙi mutuwa.

Ta biyu ita ce ta 2022, wadda ta rushe NHIS ta kafa sabuwar hukumar inshora, NHIA. Ta mai da inshora tilas, ta ɗora wa jihohi gudanar da nasu tsarin, ta kuma kafa asusun masu rauni: yara 'yan ƙasa da shekara biyar, masu juna biyu, tsofaffi, masu buƙata ta musamman, da marasa galihu. Da aka sa hannu, fadar shugaban ƙasa ta ce mutum miliyan 83 ake nufi, wato adadin awon farko. Alƙaluman da hukumar ke bayarwa a baya-bayan nan suna nuna kimanin mutum miliyan 20 ne ke da inshora ta kowace iri, a ƙasar da ta haura miliyan 200, kuma burin gwamnati shi ne miliyan 44 nan da 2030. Ko an cim ma burin, mafi yawan jama'a suna waje.

Inda kuɗin ke maƙalewa

Tilas tana aiki ne inda akwai albashi, domin ana cirewa tun kafin ya shigo hannu. Hukumar Ƙididdiga ta ce sama da kashi 90 na masu aiki a Najeriya ba a tsarin albashi suke ba. Manomi da ɗan acaɓa da mai ƙosai da mai faci, ba wanda ya san abin da ya shigo musu jiya, su ma ba su san na gobe ba. Mai hannu baka hannu ƙwarya da wuya ya fitar da kuɗin shekara a dunƙule don ciwon da bai zo ba, musamman idan maƙwabcinsa ya biya ya je da kati aka ce babu magani.

Hatta masu albashin suna da nasu ƙorafin. Tsarin ma'aikatan tarayya yana ɗaukar ma'aikaci da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Mai mata biyu da 'ya'ya tara, ga iyaye tsofaffi, dole ya zaɓi wanda zai sa ko ya ƙara biya. Gidaje irin wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa.

Daga ɓangaren asibiti kuma, an shafe shekaru ana biyan su naira 750 a wata a kan kowane mai rajista, farashin magani yana ta tashi. Sai a 2024 aka fara ƙara shi, zuwa 2025 ya kusan ninkawa. Asibitin da ke ganin mai kati hasara ne a gare shi yakan bar shi a layi ya fara sallamar mai kuɗi a hannu, ko ya ce maganin ya ƙare. Mai katin kuma ya koma gida ya ba da labari, wanda ya ji ya fasa yin rajista, asusun ya ƙara ƙanƙancewa.

Ga kuma batun wanda ke da alhaki. Asibitocin koyarwa na tarayya ne, manyan asibitoci na jiha, ƙananan kuma a al'adance na ƙananan hukumomi 774 ne, waɗanda su ne mafi rauni a ukun. Dokar 2014 ta nemi jihohi su kawo nasu kason, kashi 25, kuma ba kowace jiha ke kawowa a kan lokaci ba. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, hukuncin da aiwatar da shi ke tafiyar hawainiya. Sannan ko kuɗi sun iso, sai da mai yin aikin. A 2024 Minista Pate ya ce likitoci kimanin 55,000 ne a ƙasar, kuma wajen 16,000 sun fice cikin 'yan shekarun da suka gabata. Waɗanda suka rage ma sun taru a Legas da Abuja da manyan birane.

Abin da maƙwabta suka gwada

Nijar ta bi hanyar kyauta kai tsaye. Zamanin Shugaba Tandja Mamadou ta yafe kuɗin tiyatar haihuwa a 2005, a 2006 ta ƙara da yara 'yan ƙasa da shekara biyar da awon ciki, bayan ta gina ƙananan ɗakunan likita a ƙauyuka da yawa. Iyaye mata suka yi ta tururuwa. Wani nazari da aka wallafa a 2012 ya nuna mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara biyar ta sauko daga 226 cikin 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009, kuma ya lissafa kyautar magani cikin dalilan, tare da gidan sauro da yaƙi da tamowa. Sai dai tsarin shi ne gidan likita ya yi aiki, ya aika takardun biya Yamai, ya jira. Jiran ya koma watanni, wani lokaci shekaru, bashin ya kai biliyoyin sefa, kantocin magani na gidajen likita suka bushe. Uwa a Maraɗi ko Damagaram takan ga likita kyauta ta fito da takarda. A Agustan 2024 gwamnatin Janar Tiani ta sanar da rage kuɗin asibitocin gwamnati da rabi, kuma tambayar da ke kan wannan mataki ita ce dai ta 2006: wa zai cike wa asibiti giɓin, kuma yaushe.

Ghana ta bi ta haraji. Dokar 2003, zamanin Shugaba John Kufuor, ta kawo ƙarshen tsarin biya kafin a taɓa ka, ta ɗora kashi 2.5 a kan harajin sayen kaya don inshora, ta kuma yanki wani kashi 2.5 daga gudummawar fanshon ma'aikata. Ma'ana, mai sayen sabulu a unguwar Nima ta Accra ko zangon Kumasi yana zuba wa asusun ko bai sani ba. An yafe wa yara da tsofaffi 'yan shekara 70 da marasa galihu kuɗin shekara, daga 2008 aka ƙara da masu ciki. Ita ma ta sha fama da jinkirin biyan asibitoci, kuma an daɗe masu katin da ke aiki ba su kai rabin jama'a ba, amma ta yi wa Najeriya nisa.

Ruwanda ita ce ake yawan kafa hujja da ita, domin sama da kashi 80 na jama'arta suna cikin asusun karo-karo na al'umma. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne gwamnati ce ke biya wa mafi talauci, masu ba da agaji na waje sun zuba kuɗi sosai, kuma shugabannin ƙauyuka suna bin gida-gida da matsin da ba kowace ƙasa za ta iya ba. Jama'arta kimanin miliyan 13 ne, kwatankwacin babbar jiha ɗaya a Najeriya.

Inda masana suka saɓa

Masu goyon bayan a soke biya a bakin taga suna da hujja mai ƙarfi: kuɗi kaɗan ma yana korar talaka. A wani gwaji a yammacin Kenya, da aka sa ɗan ƙaramin farashi a kan maganin tsutsar ciki na 'yan makaranta, masu karɓa sun ragu da kusan kashi 80. Da Uganda ta soke kuɗin asibiti a 2001, zuwan talakawa ya ƙaru. Masu suka kuma suna nuna Ugandar dai, inda magani ya riƙa yankewa, mutane suka koma kemis. A ganinsu sokewa ba tare da tanadi ba gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Masu ra'ayin karo-karo suna cewa gwamnatin da harajinta bai taka kara ya karya ba, ba za ta iya ɗaukar kowa ba, kuma wanda ya biya yakan tsaya ya nemi haƙƙinsa. Ana mayar musu da cewa idan aka bar shiga a hannun mutane, marasa lafiya da masu ciki ne ke rububin rajista, masu lafiya su noƙe, asusun ya karye. Inda ɓangarorin biyu suka haɗu shi ne babu wata ƙasa mai yawan talakawa da ta rufe jama'arta da karo-karon ganin dama kaɗai. Saɓanin ya koma kan wane haraji. Najeriya ta sa naira 10 a kan kowace litar lemon zaƙi a dokar kuɗi ta 2021, amma kuɗin babbar baitulmali suke shiga, ba a killace su ga lafiya ba. Kano ta kafa asusun amana na lafiya da ke yankar kaso daga harajin cikin gida da kuɗin ƙananan hukumomi. Wasu kuma suna nuna hukumomin zakka da waƙafi, irin ta Sakkwato da ke biya wa mabuƙata kuɗin magani, suna cewa a mai da wani ɓangare na wannan zuwa biyan rajistar shekara maimakon jiran sai ciwo ya kwantar.

Wane ne talakan?

Ko an samu kuɗin, sai an san wanda za a biya wa. Najeriya ta dogara da rajistar masu ƙaramin ƙarfi ta ƙasa, wadda aka gina ta hanyar sa mutanen gari su nuna mabuƙatan cikinsu. Da ita aka raba naira 5,000 a wata zamanin Buhari, wani ɓangare daga dala miliyan 322 na kuɗin Abacha da Suwizalan ta dawo da su. A Oktoban 2023 gwamnatin Tinubu ta ƙaddamar da naira 25,000 a wata har wata uku ga gidaje miliyan 15. A Janairun 2024 aka dakatar da ministar jinƙai Betta Edu bisa zargin karkatar da kuɗi, aka tsayar da shirye-shiryen, da aka dawo kuma aka ce sai mai lambar NIN da asusun banki ko na waya.

Sharaɗin yana toshe sunayen bogi, wannan gaskiya ne. Yana kuma tankaɗe tsohuwar da ba ta taɓa zuwa inda ake ɗaukar hoton katin ba, da ɗan gudun hijirar da ya baro takardunsa a garin da aka ƙone. Rajistar ma takan tsufa. Gidan da yake da rufin asiri a lokacin da aka zo rubuta suna, yana iya zama ya sayar da shanunsa ya biya kuɗin fansa bara. Masu cewa a ba kowane yaro ɗan ƙasa da shekara biyar da kowace mai ciki ba tare da tantancewa ba, da wannan suke kafa hujja: ciki da ƙuruciya ana ganinsu da ido, talauci kuwa sai an yi shaida, kuma inda ake shaida nan ɗan siyasa ke samun ƙofa. Masu adawa da su suna cewa a haka har matar attajiri za ta ci daga ɗan abin da babu yawa.

Abin da za a gani a ƙasa

Ma'aikacin gwamnatin jiha zai ci gaba da ganin ana yankar albashinsa, kuma amfanin da zai samu ya danganta da ko jiharsa tana tura wa asibitin da ya zaɓa kuɗi a kan kari. Mai sana'ar hannu babu wanda zai kama shi don ba shi da kati. Tilas ɗin za ta fi zuwa ne ta ƙofar ƙungiyoyi, na 'yan kasuwa da direbobi da manoma, inda za a iya karɓa kaɗan-kaɗan, ko lokacin kaka ga manomi.

Ga marar hali, ƙofar da ta fi kusa ita ce asibitin mazaɓar da ke karɓar kuɗin BHCPF, wanda yake da kwamitin raya mazaɓa da ke sa ido a kan asusunsa. A nan ake rubuta sunayen waɗanda za a biya wa ta hannun hukumar taimakekeniya ta jiha. Guraben kaɗan ne idan aka kwatanta da masu buƙata, kuma kulawar ta farko ce: awo, haihuwa, zazzaɓin cizon sauro, gudawa, rigakafi, gwajin hawan jini da suga. Wankin ƙoda da maganin daji ba sa cikin wannan ƙunshi. Ita kuma tiyatar haihuwa ta kyauta ba a kowane asibiti ake yin ta ba, sai waɗanda NHIA ta yi yarjejeniya da su, kuma shirin rage mutuwar mata ya fi mai da hankali a kan ƙananan hukumomi 172 da suka fi yawan mace-macen. Wannan ya sa tambayar wane asibiti ne ke cikin shirin ta zama ta ranar awo, tun ciki yana wata biyar ko shida.

Akwai kuma wani nauyi da ya ƙaru. Tun da Amurka ta dakatar da mafi yawan tallafinta na ƙetare a Janairun 2025, magungunan ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓi da abincin yara masu tamowa, waɗanda talaka ya saba karɓa kyauta, sun fara neman mai biya a cikin gida. Majalisar Tarayya ta ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya na wannan shekarar don rage giɓin. Daga tukunyar da ake jiran ta biya wa mutum miliyan 83 rajista, daga nan za a ɗebi wannan ma.